Bayan Riga

A Kantamanto, Laraba ake yanka dila.
Igiya ta tsinke, gwanjo ya zubo
da warin wani sanyi da bai taɓa taɓa jikina ba.
Ni aikina ragi: wuyan da ya yi faɗi, ƙafar wandon da ta wuce.
Shekara talatin ina gyara wa Akra abin da Amurka ta tuɓe.

A aljihun wata kwat ruwan toka na same shi.
Littafi ne, bango ya tafi, shafin farko ya bi shi,
ba sunan marubuci, ba sunan labari,
baƙon da ya sauka Nima da dare, ba mai masauki.

Turancina na ciniki ne da ba da haƙuri.
Barikisu, autata da ke Legon, ita ta karanta mini
bayan isha'i, kan benci, da hasken waya.
Ta ce, Baba, irinsu muke yi a aji,
tsofaffin littattafan can. Jigonsu ba ya ɓuya:
mutum ya bar gida, ya nufi yamma ko teku ko birni,
yana neman inda ba a san ubansa ba.
Ga kuɗi. Ga launin fata.
Ga kaɗaici a ƙasar da ta yi wa mutanenta yawa.

Na ce, jigo naku ne, 'yan makaranta.
Ni tela ne, ba na yarda da riga sai na juya bayanta.

Dare na huɗu na tsayar da ita.
Mata uku a labarin nan, tari ɗaya suke yi,
kuma kowace tana juya fuska bango kafin ya zo.
Mutumin nan ya yi jinyar wata.
Dubi yadda mai bin bashi ke buga ƙofa,
sau biyu, ya yi shiru, ya ƙara ɗaya a hankali.
Wannan ba a aji ake koya ba,
sai an taɓa ɓuya a bayan ƙyaure.
Yadin bai ishe shi ba, ya yanko daga rigar jikinsa.

Ta yi dariya, ta ce malaminsu ya ɗauki wata guda
kafin ya faɗi haka.

Ban gaya mata ba, amma ta sani:
duk aljihun da na ɗinka, zurfi gare shi fiye da kima.
Masu kaya na ƙorafi, hannu na nutsewa har gwiwa.
Ina shekara tara kuɗin haya ya zame wa Inna
a cunkoson Makola, daga aljihun da bai kai taki ba.
Mun kwana shida a barandar Anti Dede.
Tun ran nan nake ɗinka aljihu guda ɗaya.

Akwai wani baƙar fata a shafi na tamanin,
ya ɗauki akwati, ya ajiye, ya ce ranka ya daɗe, ya fita.
Marubucin ya raɗa wa dokin gidan suna,
shi bai raɗa masa ba.
Nan zaren ya tsinke masa, na gani.
Barikisu ta yi shiru. Iska ta taso daga wajen Jemiston,
inda tsohon kurkuku ke kallon ruwa har yau.
Wa ya sani ko ta nan kakansa ya bi.
Na ce mu kira shi Mumuni.
Duk inda ƙofa ta buɗe a sauran labarin
sai in tambaya, Mumuni ne?

Ba shi ba ne. Bai sake shigowa ba.

Shafukan ƙarshe ma babu.
Ta ce za ta nemo sunan a waya, minti biyu.
Na ce bar shi tukuna.

Kwat ɗin, wani yaron mota ya saya, na rage masa kafaɗa.
Littafin yana cikin gwangwanin maɓallai,
ya fara warin man keke.