Bashin Hoto

Wata guda na yi ina shiri a Yamai.
Wuri goma sha ɗaya na jera cikin salula,
Kowane da lokacinsa, kowane da kuɗinsa,
Har jaka biyu na ware don abin da ba a sani ba.

Motar asuba ta ɗauke ni,
Doso, Dogon Dutse, Galmi da warin albasa.
Ƙafata ta kumbura tun kafin Gidan Rumji,
Na sauka Maraɗi ana kiran la'asar,
Wuya a sage, baki a bushe,
Wannan kam ban rubuta shi a jerin ba.

Ranar farko na bi jerin kamar mai kora.
Babbar kasuwa, na ɗauka, na wuce.
Rumfar masu kilishi, na ɗauka, na wuce.
Gulbi a ƙafe, yara na tonon yashi,
Lambunan Jiratawa, zogale ya fi ni tsawo.
Hoto ɗari da bakwai kafin magariba.
Da dare a otal na bi su ɗaya bayan ɗaya,
Ban san sunan ko mutum guda a ciki ba.

Kashegari ɗan kabu-kabu ya kai ni Madarumfa.
Tafki kwance, itatuwa tsaye cikinsa har ƙugu.
Wani tsoho, Nomau, yana ɗinkin koma a gaɓa.
Muka yi ciniki, ya rage dala ashirin,
Ya ce in cire takalmi, jirginsa bai saba da su ba.

Tsakiyar ruwa ƙishi ya kama ni.
Na fasa leda da haƙori, na zuƙe,
Na saki, abin da hannu ya saba.
Nomau bai ce uffan ba.
Ya kafa gora, ya juya jirgi,
Muka koma baya kusan kamu talatin,
Ya sunkuya, ƙugunsa na ƙara,
Ya tsamo ledar, ya matse, ya sa aljihu,
Ya ci gaba da labarin karfasa
Daga inda ya tsaya.
Da zagina ya yi, da kunyar ba ta kai haka ba.

Na ɗaga salula don in ɓoye fuska.
Ya ce: "Ɗauka, ɗiyata, ba a hana baƙo.
Shekara talatin ana ɗaukata.
An ce ina Faransa, an ce ina Kano,
Ni ko Ɗan Isa ƙahwata ba ta wuce ba.
Huskata ta tahi yawon duniya ta bar ni nan,
Ko sau ɗaya ba ta komo gaishe ni ba."

Na ɗauka guda ɗaya, na jefa salula a jaka.
Sauran yinin a rumfar Tsahara na yi shi,
Ƙanwarsa, mai suyar kifi da yaji mai sa tari.
Ta gaya mini shekarar da ruwa ya ci masu gida,
Da sunan jikanta da ya tafi Agadas bai kira ba.
Na wanke mata kwano uku, ta yi mini dariya,
Wai hannun ofis bai san toka ba.
Tibiri na jirana a jerin, da wasu wurare biyar,
Rana ta faɗi ban je ba.

Da na koma Yamai na wanke hoton,
Na sa shi a gilashi, na naɗe da tsohon zane,
Na ba yaron mota, na ƙara masa kuɗin shayi.

Kwana tara, saƙon murya ya shigo
Daga lambar da ban sani ba.
Iska, kukan awaki, sannan Nomau:
"Ya iso. Tsahara ta rataye shi bisa buhun gero.
Amma hulata a karkace take, ba ki hwaɗa mini ba.
Bayan damina ruwa na cika,
Ki komo ki gyara."