Shuɗin da Ba Ya Kama Hannu

Wata uku ina zana hannuwan Baba
a fuskar waya, da ɗan yatsa guda,
in Bagalam ta yi barci.
Hannuwan da karofi ya jiƙa shekara arba'in
har farce ya manta launin da ya zo da shi.

Ran Litinin na hau kabu-kabu
zuwa shagon Nomau, bayan babbar kasuwa,
inda inji ke kwance, tsawon gado biyu,
yana huci kamar san kiwo.

"Mita nawa?"
Na ce uku.
Ya ja hoton, ya ƙara ja,
har jijiyar babban yatsa ta farfashe
ta koma tsaki-tsaki.
Ya ce, "Kin gani? Ƙaramin abu in an miƙe shi
sai ya tona inda ba shi da komai."

Na koma gida da kunya a jaka.
Mako biyu ina cike ramukan
da ban san na bari ba:
tabon wuƙa tun yana yaro a Tibiri,
kaushin gefen tafi,
ɗan yatsan da ya karye bai koma daidai ba.

Na dawo. Jaka goma sha takwas,
ya rage ɗaya don ya san kawuna.
Aka ɗaura farin yadi,
kan injin ya kama zirga-zirga,
hagu, dama, hagu,
ƙoshiyar masaƙi marar zare.
Wuyan hannu ya fara leƙowa
layi bisa layi,
sai aka ɗauke wuta
daidai tsakiyar tafi.

Muka zauna cikin zufa.
Nomau na fifita da kwali,
yaronsa na jan igiyar janareta yana tsaki.
Da injin ya farka, ya bar siririn zane fari
ya ratsa tafin daga gefe zuwa gefe.
"In sake miki?"
Na ce bar shi. Kuɗina sun ƙare,
kuma wane tafi ne ba shi da layi?

Shuɗin ma ba nawa ba ne.
Na waya haske ne, na yadi tawada,
ya fito da ɗan ja a cikinsa
kamar sama bayan magariba.

Na shanya shi a tsakar gida,
kan igiyar da ta saba ɗaukar turkuɗi.
Baba ya fito da sandarsa,
ya matso har hancinsa ya kusa taɓawa.
"Ɗigo-ɗigo nake gani."
Na ce ja baya.
Ya ja, ya ja, har dunduniya ta bugi randa.

Shiru.
Akuyar maƙwabta kaɗai ke magana.

Ya sake matsowa, ya lashi babban yatsa,
ya murza gefen yadin, ya duba.
Ya sunsuna.
"Ba toka, ba baba.
Wannan shuɗin ba ya kama hannu."
Ban san ko yabo ne ba,
ban kuma tambaya ba.

"Kwana nawa ya yi a rami?"
Na ce minti arba'in, har da ɗaukewar wuta.
Ya yi dariya har tari ya karɓe ta.

Can ya ɗora hannunsa na gaske
bisa hannun da na zana.
Duk tafinsa bai rufe farce ɗaya ba.
Ya daɗe a haka.
"Ashe haka suke da girma.
Shi ya sa suke mini nauyi da dare."

Ya juya zai koma ɗaki,
bai waiwayo ba ya ce,
"Tsahara, sauke shi kafin la'asar.
Akuyar nan ba ta san zane ba,
yadi kawai ta sani."