Hancin Dorina

A Garwa na saye ta, bayan tashar motocin Marwa,
hannun wani mai buga takardu da jarinsa ya karye.
Jaka goma sha biyu na sefa,
har da yanar gizo a ciki,
ta gaske, wadda gizo-gizo ya saƙa.
Launinta na tsohon haƙori,
gefe ɗaya ya loɓa kamar an taɓa zama a kai.

Ran Lahadi na kwance ta a kan tabarmar Inna.
Kusoshi tara na zuba a murfin kwalba,
takwas na ƙirga da la'asar;
ɗayar, a tambayi kaza.
Na zare hanjin a hankali,
na naɗe ƙwaƙwalwar cikin tsohon ɗankwali,
gangar jikin kuwa, wayam,
na ɗaure ta a bayan babur.

Maikano ba ya fentin ƙananan abubuwa.
Shekara talatin yana zana zaki da ɗawisu
a ƙeyar motocin auduga,
yana rubuta "Sannu ba ta hana zuwa"
wa direbobin da ba su san sannu ba.
Ya ƙwanƙwasa akwatin da farce,
ya ce, "Akurki ne ko murhu?"
Na ce kwamfuta ce.
Ya ce, "To, baiwar Allah, me take so a jikinta?"

Dorina, na ce.
Irin wadda ke ɓullowa a Binuwai da sassafe,
kunne biyu, ido biyu,
sauran zancen yana ƙarƙashin ruwa.

Kwana uku ina gugar ƙarfe da samfefa
har zanen yatsuna ya shafe.
Djibrilla mai walda ya yanke mata taga,
muka liƙa gilashin wata bas
da ta kwanta a hanyar Fitowa.
Sai feshi: fari tukuna, a jira.
Shuɗi, a jira.
Kore-kore na ruwan damina, a sake jira.
Ni da ban iya jiran tafasar shayi ba
na koyi zama ina kallon fenti yana shan iska.

Akwai wasu ƙananan huji a gaba, jere-jere.
Maikano ya ce suna ɓata masa kogi,
ya cike su, ya shafe sumul.
Na gani. Na yi shiru, don kyau ya rufe mini baki.

Daren da na kunna ta, yaran layinmu sun cika zaure.
Fitila shuɗiya ta kama ta cikin taga,
fanka tana juyi kamar mai tuƙa tuwo,
har Inna ta leƙo ta ce, "Wannan amarya fa?"
Rabin sa'a.
Zafin Garwa na watan huɗu ba ya duba ado.
Ta yi gurnani, ta yi huci,
ɗif.
Na taɓa bayanta, sai da na yarfe hannu.

Washegari na mai da ita, ina kame-kame.
Maikano bai ce uffan ba.
Ya daɗe yana duban aikinsa,
sannan ya ari abin huda ƙarfe wurin Djibrilla,
ya saita daidai hancin dorina,
ya huda biyu, manya,
ya bi kumfar ruwan da ƙanana, ba ƙirge.
Fentin ya ɗan tsage ta hagu.
Ya ce, "Bar shi. Wadda ke kogin ma da tabonta."

Yanzu tana kan teburina, kusa da randa.
In dare ya raba, ina buga wa mutane takardun neman aiki,
nakan kai tafin hannu gaban hancin nan
in ji iska mai ɗumi tana fita.
Kusa ta tara har yau ba ta dawo ba,
murfin yakan yi ɗan kaɗawa.
Na soka masa tsinken ashana.