Agogon da Ba Ya Faɗin Lokaci

Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da aska a Agege,
gefen layin dogo, jikin rumfar Ilu mai goro.
Kan jariri ranar suna, kan ango, kan alhaji mai sanƙo,
ban taɓa fitar wa kowa jini ba sai wanda ya zo ƙaho.
Bara hannun dama ya fara zance shi kaɗai,
babban yatsa yana murza manuni
kamar mai jan carbin da babu.

A asibitin Idi-Araba likita ta ce, Baba, yaya jiki?
Na ce da sauƙi.
To me zan ce?
Na sha ƙwayata kafin in fito, hannun ya yi lamo a cinya
kamar bai taɓa zubar mini da koko a riga ba.

Sai ta ɗaura mini wani abu a wuyan hannu,
baƙi, bai kai kwalin ashana ba,
wani a ƙugu, inda guru yake zama.
Ta ce kwana bakwai kada ya bar jikinka.
Na ce har alwala? Ta ce ruwa ba ya cin sa.

Agogo ne, amma ba ya faɗin lokaci.
Ni yake faɗa.
Yana ƙirga rawar hannu,
yana auna takuna da ya koma na ɗan tsako,
yana jin yadda ƙafa ke liƙewa a ƙofar masallaci,
jama'a na jira a baya, ni ina lallashinta ta ɗaga.
Ilu ya ce sun haɗa ka da ɗan rahoto.
Na ce dama akwai masu rubutu a kafaɗa,
wannan yaro ne a aikin.

Ran Litinin na koma tare da 'yata Tasalla.
Dakta Oyelaran ta juyo mana da fuskar kwamfuta,
ga makona a kwance, tudu da kwari
kamar kunyoyin gonar da na baro a Gumel.
Ta ce nan, bayan azahar kullum, magani ya sake ka,
awa biyu kana fama kafin ka sha na gaba.
Tasalla ta dube ni. Na dubi silin.
Ta ce nan dare ne, barci yana kwantar da shi.
Wannan tsaunin na Talata fa, ƙarfe huɗu?
Na ce wannan ba nawa ba ne, likita,
danfo ne daga Oshodi, ku rubuta wa titi magani.
Ta yi dariya har ta cire tabarau.

Sai ta sa alƙalami kan wani ɗan fili,
Juma'a da hantsi, minti goma sha takwas,
layi ya sauka ya kwanta kamar ruwan randa.
Barci ka koma?

Ban koma ba.
Zabira na sauke daga ƙusa, babu kowa a gida.
Na jiƙa dutse, na ɗora aska,
gaba, baya, gaba,
hannun ya gane aikinsa, ya yi shiru yana saurare.
Na gwada kaifin a gashin damtsena.
Na mayar da ita kube, ya ci gaba da surutunsa.

Ban faɗa mata duka ba, na ce ɗan aiki na taɓa.
Ta matso da ƙwayar rana baya da awa ɗaya da rabi,
ta ce wata uku mu sake ɗaurawa.

Da ta kwance shi, wurin ya yi fari, ya yi sanyi.
A mota Tasalla ta riƙe hannun cikin nata biyu
tun daga Mushin, ba ta ce komai ba.
Matar Bala ta kusa sauka.
Ba su ce mini komai kan askin suna ba tukuna,
ni ma ban tambaya ba.