Wayar Liwayway

Uwarta ce ta aiko mata daga Dubai,
cikin kwali, tare da sabulu da takalman makaranta.
Ni kifi nake shanyawa a bakin tekun Catbalogan,
ban ma san ta inda ake kunna ta ba.

Shekarar da guguwa ta yaye rufin ajinsu,
wata biyu ba allo, ba ƙararrawa,
sai ga Malama Abenoja a tafin hannun jikata
tana rabon lissafi kamar shinkafar agaji.
Yara talatin da ɗaya, kowa ƙarƙashin tamfol ɗinsa,
wanda ya gane ya tura wa wanda bai gane ba.
Na ce madalla.

Duk Lahadi fuskar 'yata takan fito,
'yar mitsitsiya, kamar hoton katin shaida:
Inna, kin sha magani?
Liway, nuna mini makinki.

Ran da abin ya juya ban ji ƙarar komai ba.
An tashe ta karatu, harshenta ya sarƙe
a kan kalma ɗaya, sau huɗu.
Dodong, ɗan mai gyaran injin kwalekwale,
yaron da na sha ba soyayyar ayaba,
ya ɗauka daga bencin baya.
Kafin a tashi an sa wa in'inarta kiɗa.
Kafin dare, waɗanda ba su taɓa jin sunan garinmu ba
suna dariya a Manila.

Ta daina zama cin abinci.
Sai shuɗin haske a gidan sauro har carar zakara,
tana ƙirga masu dariya
yadda nake ƙirga kifin da ƙuda ya ɓata.

Na je makarantar da ƙarni a rigata.
Dodong ya goge, ya yi kuka har da majina.
Amma zarar bunu ce.
Wanda ya tafi Manila bai dawo ba.

Yanzu ƙarfe takwas wayar na kwana a garwar shinkafa,
ni nake rufe murfin.
Wata yarinya daga Cebu ta rubuto: nima haka nake.
Ran Asabar suna karanta wa juna,
a hankali, ba mai gaggauta wani.

Ban yafe wa abar ba.
Sai dai in Lahadi ta zo,
ni nake fara tambaya ko an sa mata caji.