Yatsu Huɗu

Sau uku yashin hanyar Tangaza
yana riƙe jif ɗina ta ciki,
ga rigakafin shanu a kula,
ƙanƙara na narkewa, makiyaya na jira.

Arzika na Sahara ya leƙa ƙarƙashinta,
ya furzar da tukar goro:
"Ƙarfi tana da shi, likita. Tsawo ta rasa."

Sifirin biyu muka samu a shagon Ifeanyi.
Sauran sai daga Legas,
kwana tara a motar albasa mai dawowa.
Shokozoba ɗaya ta zo ba irinta ba,
na biya kuɗin waya, na haɗiye sauran magana.

Ranar ɗauri noti guda ya ƙi,
tsatsar shekara goma sha biyar.
Aka ba shi baƙin mai, aka ba shi wuta,
sai bayan la'asar ya saki.

Da aka zare jak
ta ƙaru da yatsu huɗu,
raƙumi ya gama miƙewa.

Da safe Inna za ta asibiti,
ta ɗaga ƙafa, ta mayar, ta dube ni.
Yanzu kujerar tsugunno na bayan mota,
kusa da safaya.