Ƙanƙara

Grad muke ce mata, wato ƙanƙara.
Mota ce, da bututu arba'in a bayanta
jere kamar saƙar zuma.
Kafin Yarema ya gama ɗaure takalmi
ta amayar da rokokin, ta tsere.

Yaron da ya danna bai taɓa ganin Kharkiv ba,
balle ƙauyenmu.
Lambobi aka ba shi.
Lambobin su ne gonar dankalina,
rijiya, igiyar shanya,
da Yarema.

Ƙanƙarar Allah kan fasa kabeji, ta narke.
Wannan tana nan:
wutsiyar ɗaya kafe tsakanin kunyoyi,
shekara biyu ina zagaye ta da fartanya.
Bana wake ya nannaɗe ta.
Na bar shi.